Kafin a Raba Kundin Malam

Daura, ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Halifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka sauka Kaduna lafiya, ka sami ɗakin da aka ce za a ba ka, sabon wurin aikin kuma ya karɓe ka. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin abokai, da sharrin gaggawarka. Na gama gaisuwa, sai ka gyara zama.

"Umma, ki kwantar da hankalinki. Ba zan bar garin nan ba sai na jera miki hotunan kundin Malam ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kika ɗauke su. Aikin minti goma ne." Maganarka ce wannan. Ka faɗe ta a tsakar gida kana cin ɗanwake, wata uku da suka wuce, ka kuma maimaita ta duk lokacin da na tuna maka. Ba ka taɓa aikin ba sai safiyar da za ka tafi, jakarka a bakin ƙofa, mai babur yana jiranka a waje. Ka danna abin da ka danna, ka miƙo mini filashi, ka ce, "Shi ke nan, Umma, an gama." Na sa maka albarka har da hawaye. Hawayen nan suna ba ni haushi yanzu.

Washegari na kai filashin shagon Hajiya Talatu mai buga takardu a bakin kasuwa, na ce ta fara buga mini shafi ashirin in gani. Sunayen sun yi kyau, ban hana ka ba: Kundi ɗaya, Kundi biyu, Kundi uku, a layi kamar 'yan makaranta. Na ɗauki shafi na bakwai, inda kakanka yake bayanin jaririn da haƙori ke wahalarwa. Ya lissafa abin da za a jiƙa, takardar ta ƙare a tsakiyar magana. Na juya shafi na takwas, sai na karanta: "a cika masaki, a kama shi mutum biyu, a ɗura masa safe da yamma." Wannan awon bijimi ne, Halifa, bijimin da cikinsa ya kumbura. Ka haɗa farkon maganin jariri da ƙarshen maganin sa, ka ba su lamba a jere, ka tafi Kaduna.

Hajiya Talatu ta ga fuskata ta ce, "Malama, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, ɗana ne ya karanta ilimin kwamfuta shekara huɗu."

Bari in gaya maka inda magana ta kwana a gida, tunda ba ka tambaya ba. Kawunka Ilu ya sa ranar raba kundin, Asabar ta sama. Ya riga ya zazzage gafakar a kan tabarma, ya ƙirga takardun, ya kasa su kashi-kashi kamar mai sayar da tumatir, kason namiji ya ninka na mace. Wani kaso zai tafi Mashi, wani Zango, wani ya tsallaka Nijar wurin kawunka Mamman. Kundin Malam ba shi da lambar shafi, ba a ɗinke yake ba, takardu ne warwas, jerinsu kawai ke riƙe da ma'anarsu. Jerin nan ya mutu a kan tabarmar Yaya Ilu. Wuri ɗaya ya rage a duniya da ya san wace takarda ke bin wace, shi ne cikin hotunan da na ɗauka, su kuma suna cikin kwamfutar da ke rataye a kafaɗarka.

Na je na same shi a zaure na ce, "Yaya, littafi ba naman layya ba ne, da za a ce wannan cinya, wancan haƙarƙari." Ya ce, "Ke dai Binta, boko ya cika miki kai. Takardar Malam albarka ce, kowa yana son tasa a ɗakinsa." Na ce, "Albarkar tana cikin karantawa ko cikin ajiyewa a ƙarƙashin katifa?" Ya ce, "To, ina littafin da kika ce ɗanki zai fitar daga na'ura? Kawo shi ranar Asabar kowa ya gani, sai mu san abin da za mu tattauna." Yana murmushi ya faɗa. Ya tabbata ba zan kawo ba. Zan kawo. Zan ajiye cikakken kundi a jere a gaban kowane magaji, mace da namiji, in ga wanda zai iya kallon littafin ubansa a haɗe ya ce a yayyaga shi.

Kada ka ɗauka duk laifin na ɗora maka. Nawa ya fi naka yawa, ya kuma riga naka tsufa. Zan faɗa maka su ba don ka ji sanyi ba, sai don kada ka gaje su.

Ina 'yar shekara goma sha biyu na fara karanta kundin a ɓoye, in Malam ya tafi rugage duba shanun mutane. Wata rana ya dawo da wuri ya same ni. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya ya ce, "Uwata, kin gane abin da kike karantawa?" Na ce na gane rabi. Ya ce, "Rabin da ba ki gane ba, ki zo ki tambaye ni." Ban je ba. Matan gidan sun ce kundi ba abin 'ya mace ba ne, ni kuma na ji kunya. Daga baya na tafi makaranta, na yi aure, na shekara ashirin da bakwai ina koyar da 'ya'yan mutane tarihin ƙasashen da ban taɓa gani ba, ubana yana zaune a unguwa ɗaya da ni da tarihin garinmu a gafaka: shekarar da ruwa ya ƙi, shekarar da ciwo ya shiga shanu, wa aka haifa, wa ya rasu, wace rijiya ta rufta. Kullum ina cewa sai an yi hutu. Hutu ya zo sau nawa? Ranar da na zauna da takarda da biro a gabansa, idonsa ya tafi, tunaninsa yana zuwa yana komawa. Ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Don haka, in wani ya ce maka zo ka tambaye ni, ka je a ranar. A sabon wurin aikinka za ka tarar da wani dattijo da kowa ke gani ya tsufa da yawa. Ka zauna kusa da shi. Kada kuma ka jira izinin mutanen da ba su san abin da kake nema ba.

Bayan rasuwarsa na roƙi Yaya Ilu aron gafakar. Ya ba ni wata biyu, yana gunaguni. Na ɗauko kyamarar babanka, na shimfiɗa farin zane a bakin ɗaki, kullum daga hantsi zuwa azahar, lokacin da haske ya fi kyau, ina ɗaukar takarda gaba da baya, in kife ta a gefe, in ɗauko ta gaba. In bayan takarda zan ɗauka sai in ajiye ƙwallon dabino a kusurwa, don in bambanta shi da gaba. Wannan dabarar kaɗai na yi daidai. Ka duba, za ka ga ƙwallon.

Abin da ban yi ba shi ne duba agogon kyamara. Ban ma san tana da agogo ba. A tsakiyar aikin aka yi mana rasuwa a Zango, na cire batir na ajiye, na yi kwana goma sha biyu a can. Da na dawo na mayar da batir, ta nuno wani rubutu tana tambayata, na danna na wuce don ina sauri. Ashe rana take tambaya. Ta koma ɗaya ga Janairu na shekarar da aka ƙera ta, ta ci gaba da ƙirga daga nan. Duk hoton da na ɗauka bayan dawowata yana rantsuwa cewa ya girmi na farko da shekaru, wasu ma suna cewa da tsakar dare aka ɗauke su, ni da ban taɓa wuce azahar ba. Shaidar da agogonsa ya lalace ba maƙaryaci ba ne, amma zai sa a yanke hukuncin zalunci. Duk na'urar da za ka dogara da ita, ka fara tambayarta yau wace rana ce. In ta tambaye ka wani abu, ka karanta kafin ka danna. Na ga yadda yatsanka ke gudu a kan "to, to, to". A wurina ka gado.

Sai kuma wautar da na yi da hannuna, ina jin ni mai tsari ce. Kyamara tana ba kowane hoto lamba a jere. Na ga lambobin ba su da ma'ana, sai na zauna a kwamfutar makaranta ina goge su ina sa sunaye: "maganin ciki", "maganin ciki na biyu", "maganin ciki na gaskiya", "wannan ne", "rijiya", "rijiya kuma". Na yi wa fiye da rabi haka kafin na gaji. Na kashe jerin da na'ura ta ba ni kyauta, na sa sunayen da ko ni ban san abin da nake nufi da su ba bayan wata guda. Suna ba don mai raɗa shi ake yi ba, don wanda zai zo nema ne bayan mai raɗawar ya manta ko ya mutu.

Akwai wadda ta fi ba ni kunya. Kwana uku aka yi babu wuta, batir ya mutu, wa'adin Yaya Ilu yana matsowa, sai na ɗauki takarda goma sha shida da wayata, hoto talatin da biyu. Na tura maka su ta manhajar da muke hira, na ce ka ajiye. Bayan mako biyu wayar ta cika ana bikin 'yar maƙwabta, na goge su don in sami wurin ɗaukar bidiyon kamu. Rubutun ubana na goge saboda rawar da ban sake kallo ba ko sau ɗaya. Na ce ai suna wurin Halifa. Yanzu na san hoton da aka tura ta hira ba shi ne wanda aka ɗauka ba. Yana isa a matse, an tuɓe masa duk bayanin da ke jikinsa, ba ya tuna ranar da aka ɗauke shi, sai ranar da ya sauka. Abin da kake so ya daɗe, kada ka ba shi ajiya a wurin da aka yi don hira.

Za ka ce ina na san duk wannan. Na karanta. Kwana huɗu ke nan ina zuwa shagon Hajiya Talatu bayan azahar, ta ba ni kujera da kwamfuta ɗaya, ina bincike ina rubutawa a littafi. Matar da ta iya ajami da Larabci da boko ba za ta tsaya tana kallon akwatin ƙarfe kamar aljani ba. Ga abin da na gano, ka gaya mini in ƙarya ne. Kowane hoto yana ɗauke da takardar haihuwarsa a cikinsa: shekara, wata, rana, awa, minti har daƙiƙa, da sunan na'urar da ta ɗauke shi. Ban da wannan, kwamfuta tana rubuta wata rana dabam, ranar da hoton ya shigo cikinta. Kai da ta biyun ka yi aiki. Ka kwashe komai ka zuba a folda ɗaya da safiyar nan, duk suka zama 'yan rana ɗaya, ka ce wa manhaja ta jera su ta sauya musu suna gaba ɗaya, ita kuma ta bi yadda suka faɗo. Sannan ka matse su don su shiga ƙaramin filashi, matsewar ta share takardar haihuwar. Mun buɗe bayanan waɗanda ka bar mini ɗaya bayan ɗaya, wurin ranar ɗauka fayau yake. Da ka buɗe hoto goma kacal ka duba kafin ka rufe kwamfutar, da ka ga gaba yana bin gaba babu ƙwallon dabino a tsakani. Na'urar da ke gyara dubu a bugu ɗaya, a bugu ɗaya take ɓata dubu. Wanda zai ba ta umarni ya fara gwadawa da kaɗan.

Kuskurena na ƙarshe kai ne shaidarsa. Da ka kwafe komai, ka ɗago memorin kyamarar ka ce, "Umma, in goge wannan? Ina so in tafi da shi." Na ce, "Goge mana, ai ka gama." Ban buɗe ko hoto ɗaya ba. Alfahari ne ya rufe mini ido. Na riga na cika baki a gaban Yaya Ilu cewa ɗana zai yi a minti goma abin da su ba za su iya ba a shekara goma, ban so in nuna ina shakkarka ko a gaban kaina. Abu mai kwafi ɗaya, a bakin rijiya yake zaune. Yau in ɓarawo ya fizge jakarka a tasha, ko shayi ya zube a kan kwamfutar nan, kundin kakanka ya tafi, kuma ni na ba da izini. Ka ƙaunaci mutum yadda kake so, amma ka duba aikinsa. Da na duba naka, da mun yi faɗa na minti biyar a tsakar gida, da ban rubuta wannan takarda ba.

Yanzu ga aikin. A cikin ambulan ɗin nan akwai filashi biyu sababbi, manya. Kafin ka taɓa komai, ka kwafe foldar asali yadda take, ba matsewa, ba gyara, a kan na farko, ka cire shi ka sa a aljihu. A kan kwafi za ka yi aiki.

Ka ware hotunan kyamara daga na waya, na kyamara ne kaɗai ke da sunan na'ura a cikin bayanansu. A cikin na kyamara ka ware waɗanda agogo ya mayar baya. Don ka san yawan tazarar, ka nemi hoton ragon sunan 'yar Hadiza maƙwabciyarmu. Bayan dawowata daga Zango ne, na ɗauke shi da kyamara, na kuma ɗauke shi da waya a tsaye wuri ɗaya, ba a fi minti guda tsakani ba. Na wayar yana nan wurina, ban goge ba, na rubuta maka ranarsa da lokacinsa a bayan wannan takarda. Ka cire lokacin kyamara daga na waya, abin da ya rage ka ƙara wa dukansu a tare. In ka yi daidai, babu hoton kundi da zai faɗo kafin hantsi ko bayan azahar, babu kuma wanda zai faɗo ranar Juma'a, don ban taɓa aiki ranar Juma'a ba. In ka ga ɗaya, lissafinka ne ya karkace, ka sake.

Sannan ka sauya sunayen da ranar ɗauka, ba ranar shigowa ba. Shekara a gaba, sai wata, sai rana, sai awa da minti da daƙiƙa. Ka sa sifiri a gaban duk lambar da ba ta kai goma ba, in ba haka ba goma za ta sha gaban biyu a layi. Kada ka bar daƙiƙa, don ina ɗaukar gaba da baya a cikin minti ɗaya. Inda ka ga hoto biyu na shafi ɗaya, hannuna ne ya girgiza na sake, kada ka zaɓar mini, ka bar su duka. Talatin da biyun nan na waya ka zuba su a folda dabam, ka ba su lamba yadda suka iso maka a hirarmu, kuma kada ka kuskura ka share hirar. Na san inda za su shiga, bayan shafin rijiyar da ta rufta, ni zan sa su da hannuna. In ka gama, ka buɗe daga farko ka bi da ido: babu ƙwallo, akwai ƙwallo, babu, akwai, har ƙarshe. Ba minti goma ba ne. Yini guda ne, wataƙila biyu. Kana da Asabar da Lahadi.

Na san sabon aiki ne, kana so ka burge masu gidanka, kana ganin takardun tsoho na maganin shanu ba su kai a ɓata musu hutun mako ba. Sunan kakanka aka sa maka, shi ya sa ban taɓa kiranka da shi ba, nake ce maka Halifa. A cikin takardun nan akwai layin da ya rubuta ranar da aka haife ka, da abin da ya roƙa maka. Na karanta, ba zan gaya maka ba. Yana nan wani wuri tsakanin Kundi ɗaya da Kundi ɗari takwas, inda ka jefa shi. Ka nemo.

Mutanen da za ka yi aiki da su ba za su rubuto maka takarda irin wannan ba. In ka ce musu an gama alhali ba ka duba ba, murmushi za su yi, su daina ba ka abin da ke da muhimmanci, ba za ka san dalili ba. Ni kaɗai ce zan gaya maka a fuska. Kada ka ce "aikin minti goma ne" a kan abin da ba ka buɗe ba. Kada ka ce "an gama" kana tsaye da jaka a kafaɗa.

Direban da ya kawo maka wannan yana juyowa Daura duk ranar Laraba. Ka ba shi filashin biyu a ambulan, na asali da na aiki, su iso hannuna kafin la'asar ɗin Larabar nan mai zuwa. Ba na son kira, ba na son "Umma ki yi haƙuri", haƙurina yana nan da yawa, lokaci ne babu. In la'asar ta yi ban gani ba, ranar Alhamis da sassafe zan shiga motar farko. Zan zo wurin aikinka da mayafina da littafin da na yi rubutu a ciki, in gaida masu gidanka da ladabi, in karɓi kwamfutar a gabansu, in zauna a kan bencin baƙi in yi aikin da kaina, ko da zan kwana a kansa. Na iya yanzu. Masu kwafar littafi a gidanmu suna rufe shafin ƙarshe da sunan wanda aikin ya kammala a hannunsa, su roƙi duk mai karantawa ya yi masa addu'a. Kundin da zan ajiye a gaban kawunnanka zai sami wannan shafin, kuma suna ɗaya ne zai hau, ko naka ko nawa.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka ci halal, ya kare jakar da ke kafaɗarka. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci. Allah ya kiyaye hanyar Kaduna, ko don direban ranar Laraba, ko don ni ranar Alhamis.

Mahaifiyarka,
Binta.